Farantin Kan Mota

Da na ajiye aikin siminti a Ashaka,
Kuɗin sallamar na ƙirga, tsohuwar bas na saya.
Na kwance kujerunta goma sha takwas,
Na sa katifa da murhun gas da durowar ajiya.
Sola biyu a rufi, randa ɗaure a lungu,
Na ce, "Dija, shirya, mu ga inda ƙasar nan ta tsaya."

Ta ce, "Gidado, shekara talatin kana aikin dare,
Akwatin nan ke min hira har safiya.
In babu shi a motarka, Allah ya kiyaye hanya."

Sai na nufi Sabon Layi, shagon Lamela,
Tun zamanin rediyo mai batir shida ya san kan waya.
Ya ce, "Iri uku ne. Na farko na wata-wata,
Ko ka kalla ko ba ka kalla ba, sai ka biya."
Na ce, "Ni da zan yi sati a daji, wata biyu a gida?
Fansho ba kogin Gongola ba ne, ɗan tsinin ruwa ne a rijiya."

"Na biyu da kansa yake farautar tauraro,
Kana gudu yana waiwaye kamar kan mujiya."
Na tambayi kuɗinsa, ya faɗa yana duban ƙasa.
Bijimai biyu ke nan a kasuwar Kumo, har da igiya.

"Na uku ba a biyan komai bayan saye,
Sai dai duk inda ka ya da zango, ka hau ka juya."
"Faɗinsa fa?"
"Ya fi faifai, bai kai tabarma ba."
Na ce, "Ɗaure min shi, gwiwata da sauran lafiya."

Daren farko a Dadin Kowa, bakin madatsa,
Na taka tsani, sifana a haƙori, tocila a wuya.
Dija na ciki, ido a kan allo:
"Ya zo! A'a, ya tafi! Ɗan koma baya!"
"Dama ko hagu?"
"Damarka ko tawa?"
Masunta suka jingine kwale-kwale suka zo suna dariya.

Wani yaro, Bappayo, ya ce, "Baba, dubi na mai shayi,
Inda nasa ya fuskanta, nan naka zai tsaya."
Ni mai gyaran injin da ya fi gidanmu girma,
Ɗan aji huɗu ya saita ni, na haɗiye kunya.
Hoto ya fito garau, mai labarai da jar hularsa,
Mutum ashirin a ƙofar bas, Dija ta ɗora suya.

A Kaltungo hadari ya taso ta bayan dutse,
Fuskokin allo suka farfashe, saura walƙiya.
Ta kashe. Muka zauna, ruwa na dukan rufi,
Ta ce, "Ka tuna shekarar ƙyanda, da Hammadi na jinya?
Ni kaɗai na goya shi zuwa asibiti cikin irin wannan ruwan,
Takalmina ɗaya ya tafi a kwata, na dawo da ɗaya."
Ban taɓa jin wannan ba.
Yaron yanzu da gemunsa, yana Legas yana dakon kaya.
Na nemi abin faɗa, na rasa,
Na jawo bargo na rufe mata ƙafa, na bar tambaya.

Jiya Lamela ya bugo, wai mai waiwayen nan ya sauko,
Na ce ya bar shi, na saba da hawa, na yi godiya.

Yau a hanyar Tula na leƙa rufi da hantsi,
Na tarar da kuɓewa shanye a farantin, har tsakiya.
Na ce, "Dija, wannan fa na tauraro ne!"
Ta ce, "Tauraro sai dare. Da rana na miya."